Filin wasa ma aji ne

Jama'a, duk lokacin da aka zauna maganar taɓarɓarewar jami'o'inmu, abin da ake lissafowa sananne ne: yajin aikin ASUU kamar na 2022 da ya ci wata takwas, cunkoso a ɗakin lakca, ƙarin kuɗin makaranta, rashin ruwa da wuta a ɗakunan kwana. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ya mutu shiru, ba wanda ya je masa gaisuwa: wasannin ɗalibai.

Tun 1966 aka fara gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA a Ibadan. Lokacin da muke ɗalibai, kusan shekara ashirin da biyar ke nan, mun tarar da ragowar wannan al'ada. Da la'asar sakaliya fili ya cika, ga 'yan ƙwallon ƙafa, ga 'yan ƙwallon kwando, ga masu gudu suna zagaye. Ana gasa tsakanin tsangayoyi da tsakanin ɗakunan kwana, kuma wallahi har malamai sukan zo kallo.

Ni a ganina babban amfanin abin shi ne haɗa kai. A ƙungiya ɗaya za ka ga mai tsaron gida ɗan Katsina, ɗan baya daga Binuwai, mai cin ƙwallo daga Anambra. Idan kana neman wanda za ka miƙa wa ƙwallo, ba ka tambayar masallaci yake zuwa ko coci. Mutane da yawa a nan suka fara cin abinci kwano ɗaya da wanda ba yarensu ɗaya ba. Wannan darasin ba a bayar da shi a lakca.

Kuma filin ya fitar da mutane. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya koyi ƙwallon kwando a hannun koci Oliver Johnson na ABU. Shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA a 2019. Hakeem Olajuwon ya bar Legas a 1980, Jami'ar Houston ta Amurka ta goge shi, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Can sun ɗauki wasan jami'a da muhimmanci, mu kuwa mun mai da shi abin yi idan an samu rarar kuɗi.

To yanzu ina matasan suke da yamma? Suna gidan kallo suna gardamar Arsenal da Barcelona, wasu na buga caca a waya da kuɗin abincinsu, wasu kuma sun faɗa shaye-shaye. Ƙarfin ɗan shekara ashirin sai ya sami inda zai fita. In ba ka ba shi fili ba, wani zai ba shi lungu.

Na san wani zai ce karatu muka tura su, ba tamaula ba. Na yarda. Amma awa biyu a fili sau biyu a mako bai taɓa hana mai karatu karatu ba.

Mu da muke aikin gwamnati mun san yadda ake yi: in kasafi ya matse, layin wasanni ake fara yankewa, don ba mai yin zanga-zanga a kansa. Alhali a jami'o'i da yawa ɗalibi yana biyan kuɗin wasanni cikin rajista duk shekara. Ina kuɗin suke tafiya? Ƙungiyoyin ɗalibai su tambaya, haƙƙinsu ne.

A bar wa ɗalibai yammacin Laraba ba lakca. TETFund ta riƙa sa gyaran filaye cikin ayyukanta. A ware wa 'yan mata wuri da lokacin da za su sake. Mu kuma tsofaffin ɗalibai, maimakon liyafar haɗuwa duk shekara, mu sayi ƙwallaye da riguna, mu sa kofi.

'Yan zamaninmu, wane wasa kuka yi, kuma wa kuka haɗu da shi a fili da har yau kuna zumunci? Allah ya shirya mana zuri'a.