Raddi Ga Mai Cewa Sa Hannun Magajin Gari Ya Wadatar

Wani malami da nake girmamawa a Sokode ya kafa hujjoji uku cewa kwangilar gari da hayar rumfunan kasuwa suna tabbata da zarar magajin gari ya sa hannu. Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, ga amsata ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ka ce jama'a suka zaɓe shi, don haka maganarsa ta jama'a ce. A zaɓen 30 ga Yunin 2019, na farko tun 1987, kansiloli aka zaɓa a ƙananan hukumomi 117 na Togo, su kuma suka fitar da magajin gari daga cikinsu. A Tchaoudjo 1 ta Sokode da Tône 1 ta Dapaong, majalisa ce ke zama a kan kasafin kuɗi da kadarorin gari, magajin gari ya zartar, prefe, wakilin gwamnati, ya duba ko an bi doka. Wakili ba ya wuce abin da aka wakilta shi a kai, kuma ka fi ni sanin wannan a babin wakilci na fiƙihu. Ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2005 kan kwangilolin gwamnati ma ta wajabta mai sa hannu a kwangila ya zama daban da mai amincewa da ita.

Na biyu, ka ce idan sarki ya sa albarka, magana ta ƙare, domin haka kakanninmu fatake suka sami masauki a unguwar Didaure ta Sokode. Gaskiya ne, kuma ba ma mantawa da karamcin sarakunan Tem. Sai dai dokar sarauta ta 2007 ta ba sarakuna tsaron al'ada, filayen gwamnati kuwa suna ƙarƙashin dokar filaye ta 14 ga Yunin 2018. Albarkar sarki ba ta tsaya wa mai shago gaban alƙali.

Na uku, ka ce bin matakai jinkiri ne, ga yankin Dapaong cikin dokar ta-ɓaci tun Yunin 2022. Dokar kwangiloli ta 31 ga Disambar 2021 ba ta manta da gaggawa ba: ana iya ba da aiki ba tare da gasa ba, amma da izinin hukumar DNCCP, wanda aka zalunta kuma ya kai kuka hukumar ARCOP.

Na taɓa ganin wata dattijuwa mai sayar da albasa ta kwance bakin zane, ta fiddo takardar hayar rumfarta, ta dafe don tsufa, da sa hannu ɗaya tak. Mai hannun ya sauka daga kujera, aka ce ta kwashe kayanta. Saboda irinta nake wannan raddi, Malam. Idan ɗalibanka 'yan kasuwa sun zo neman shawara, ka ce su tambayi lambar shawarar majalisa da ranarta kafin su biya ko dala. Allah ne mafi sani.