FAGEN WASANNI: Gasar Tanis Ta Ikko Wadda Aka Ƙarasa A Karakas

A wannan mako za mu ajiye zancen tamaula mu waiwayi wata gasar tanis wadda sau ɗaya tak aka yi ta a ƙasar nan, kuma ko a sau ɗayan ma ba a Ikko ta ƙare ba.

A cikin watan Fabrairu na 1976 ne ƙungiyar nan ta Amurka mai suna World Championship Tennis ta kawo gwanayenta Ikko, maza waɗanda wasan shi ne sana'arsu. Babban baƙo shi ne Arthur Ashe, baƙar fatan da ya ci kofin Wimbledon a 1975. An fara wasa lami lafiya a kulob ɗin tanis na Ikko, kusa da Dandalin Tafawa Ɓalewa.

Ran Jumma'a 13 ga wata sai Laftanar Kanar Dimka da mutanensa suka harbe Shugaban Ƙasa, Janar Murtala Muhammed, a kan hanyarsa ta zuwa ofis. Juyin mulkin bai yi nasara ba, amma gari ya ruɗe, aka rufe kan iyaka da filin jirgin sama. Aka tsai da wasa, daga baya aka ci gaba.

Ran Litinin 16 ga wata, Ashe yana karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, har ya ci zagayen farko, sai ga soja sun faɗo fili. Suka ɗora masa bindiga a baya, suka fitar da shi hannuwa sama, 'yan kallo kuwa kowa ya yi ta kansa.

A ganina, waɗanda suka shirya gasar sun yi gaggawa. Ƙasa tana zaman makoki, an binne Murtala a Kano ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ga kuma zargin da ake yi wa Amurka saboda saɓaninta da Marigayi a kan Angola; wane ne zai tafa wa ƙwallo? Amma fa wannan bai wanke sojan ba. Baƙo ne, gayyatarsa aka yi, kuma mutum ne da ya daɗe yana yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Abin da magana za ta kashe, ina dalilin bindiga?

Ofishin jakadancin Amurka ya taimaka 'yan wasan suka bar ƙasar. Bayan 'yan makonni aka ƙarasa gasar a Karakas, babban birnin Benezuwela, inda Dick Stockton ya doke Ashe da ci 6-3, 6-2. Ƙungiyar ba ta sake kawo gasarta Ikko ba har ta wargaje a 1990.