Sharhi: Windows 10 ta yi ritaya, kada Nijar ta zama jujin tsofaffin kwamfutoci

Ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, shekara goma bayan fitowarta a watan Yulin 2015. A ranar babu kwamfutar da ta mutu. Ɗalibai a Yamai da Maraɗi sun kunna nasu kamar kullum, masu shagunan buga takardu a Damagaram da Tawa sun ci gaba da aikinsu, shi ya sa da yawa suka ɗauki labarin a matsayin matsalar Turawa. Alhali kuwa ƙasashe irin Nijar, inda akasarin kwamfutocin da ke hannun jama'a na gwanjo ne, su ne abin zai fi shafa, kuma ta fuska biyu: tsaron na'urorin da ake amfani da su yanzu, da kuma ingancin waɗanda ke kan hanyar shigowa kasuwa.

Kowace manhaja tana da kurakurai da ake ganowa a hankali. Idan aka gano wata ɓaraka a Windows, Microsoft kan toshe ta ta hanyar sabuntawar da yake fitarwa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Kwamfutar da aka daina tura mata wannan gyara za ta ci gaba da aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya za ta zauna a buɗe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An ga misalin haka a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnatin Birtaniya sun soke ganin marasa lafiya kusan dubu 19. Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda ba su sabunta ba. Wanda ke kan Windows 10 a yau ba tare da ƙarin kariya ba, ko yana son sabuntawar ba za ta zo masa ba.

Shawarar Microsoft ita ce kowa ya koma Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021. Matsalar ita ce sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya. Ban da RAM mai giga 4 da wurin ajiya mai giga 64, dole kwamfuta ta kasance tana da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma furosesarta ta kasance ta Intel zubi na 8 zuwa sama, ko ta AMD Ryzen daga jerin 2000. A taƙaice, kusan duk kwamfutar da aka ƙera kafin ƙarshen 2017 an bar ta a baya, komai lafiyarta. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta tun a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara a duniya.

Waɗannan miliyoyin ba duka za a narkar a Turai da Amurka ba. Bankuna da ma'aikatu da makarantun can suna sauya na'urorinsu, dillalai su saye tsofaffin a kan araha, su cika kwantena. Wasu su sauka a tashoshin jiragen ruwa na Lome, Kwatano da Legas, su bi ta hannun ƴan kasuwa har su iso shagunan Yamai da Maraɗi. Wasu kuma su zo cikin jakar ɗan'uwa da ya dawo hutu daga Faransa, Beljiyam ko Amurka, da kyakkyawar niyyar taimaka wa ƙanensa da ke jami'a. HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad na 2015 zuwa 2017 kwamfutoci ne masu ƙarko, kuma su ne suka fi yawa a irin wannan kaya. Abin da ya sa farashinsu ya faɗi a can shi ne ainihin abin da ya kamata mai saye a nan ya sani kafin ya miƙa kuɗinsa.

Akwai wata dabara da ta kamata a yi hattara da ita. Ana iya tilasta wa Windows 11 hawa kan kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗa ba, ta hanyar tsallake binciken da manhajar ke yi lokacin saka ta. Mai saye zai ga Windows 11 a kan allo ya ɗauka ya yi dace, ya biya kuɗin sabuwar na'ura. Microsoft kuwa ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan kwamfuta ba. Mai gyara da ya yi wa abokin cinikinsa wannan aiki bayan ya yi masa bayani bai yi laifi ba. Ɗan kasuwar da ya ɓoye gaskiyar don ya ƙara jika talatin ko hamsin a kan farashi ya yi algus, kamar mai zuba ruwa a nono.

Adalci ne a saurari hujjar Microsoft. Shekara goma ba kaɗan ba ce a duniyar manhaja, kuma TPM na da amfani na gaske, domin yana ɓoye makullan sirri a wurin da ɓarawon bayanai ba zai kai gare su cikin sauƙi ba. Babu kamfanin da zai iya kula da kowace tsohuwar manhaja har abada. Sai dai yadda aka raba sassaucin da ya biyo baya ya nuna wanda ake jin maganarsa a wannan masana'anta. Kamfanin ya buɗe shirin ƙarin kariya na shekara guda ga ɗaiɗaikun mutane, har zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dalar Amurka 30, wato sama da jika 15 na sefa. Wanda ba ya son biya sai ya buɗe asusun Microsoft ya amince a riƙa kwashe saitunan kwamfutarsa zuwa rumbun kamfanin, ko ya biya da makin Microsoft Rewards 1,000. A Turai kuwa, bayan matsin lambar ƙungiyar kare masu saye ta Euroconsumers, kamfanin ya sauke sharaɗin kwashe saitunan a watan Satumban 2025, ya ba da shekarar kyauta ga duk mai asusu. Waɗanda suka fi ƙarfin sayen sabuwar kwamfuta su aka sassauta wa, saboda suna da ƙungiyoyi da dokokin da kamfanin ke shakka. Afirka, inda tsofaffin na'urorin za su ƙare, babu wanda ya nemi jin ta bakinta. Ko shirin da ake da shi ma yana buƙatar Windows mai lasisi na halal, kuma kowa ya san yawancin Windows da ake sakawa a shagunan gyara kwafi ce.

Duk da haka, tsohuwar kwamfuta ba abin yarwa ba ce. Da tsohuwar zuma ake magani. Na'urar 2016 da aka sauya mata diski zuwa SSD, aka ƙara mata RAM zuwa giga 8, tana iya ɗaukar ɗalibi daga shekarar farko har ya rubuta kundin kammala karatunsa. Abin da take buƙata shi ne manhajar da har yanzu ake kula da ita, kuma akwai ta kyauta. Linux, musamman nau'o'in Ubuntu da Linux Mint, tana hawa kan waɗannan na'urori ba tare da sharaɗin TPM ba, tana samun gyaran tsaro a kai a kai, ana iya saita ta da Faransanci, ba a biyan ko dala. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel. Firefox da Chrome na aiki a kanta, don haka Facebook, YouTube, imel da WhatsApp na kwamfuta duk suna nan. Masu ganin Linux kayan wasan masana ce su duba jandarmomin Faransa, waɗanda suka yi fiye da shekara goma suna aiki da dubun-dubatar kwamfutoci a kan wani nau'in Ubuntu, ko jihar Schleswig-Holstein ta Jamus da ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan dubu 30 kan LibreOffice da Linux.

Linux ba ta maganin komai. Photoshop da AutoCAD ba sa hawa kanta kai tsaye, haka wasu manhajojin lissafin kuɗi da kamfanoni suka saba da su, kuma akan samu tsohuwar firinta da ke ba da wahala. Mai zanen gine-gine ko mai haɗa hotuna na sana'a zai fi samun kwanciyar hankali da kwamfutar da ta cika sharuɗɗan Windows 11. Amma mafi yawan masu kwamfuta a Nijar rubutu suke yi, da lissafi, da bincike a intanet, da kallon darasi. Ga waɗannan, Linux mai samun gyara ta fi Windows ɗin kwafi da aka daina kulawa da ita aminci nesa ba kusa ba.

Nauyin farko yana kan mai saye da mai aikowa. Ɗan ƙasa da ke zaune a waje, kafin ya sayi kwamfuta don aikowa gida, ya duba lambar furosesa. A kan Intel Core, lambar da ke biye da ɗan layin ita ke nuna zubi: i5-6300U zubi na 6 ne, ba ta cancanci Windows 11 ba, i5-8250U zubi na 8 ne, ta cancanta. Idan ƙarfinsa bai kai ga ta biyu ba, babu laifi ya sayi ta farko, muddin ya biya kuɗin da ya dace da ita kuma ya san Linux za a saka mata. Mai saye a kasuwa shi ma ya nemi a buɗe masa bayanin na'urar ya gani da idonsa, ya gwada batir da caja, kada ya tsaya ga abin da ke rubuce a kan kwali. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya an cuce shi.

Nauyi na biyu yana kan matasa masu gyara da kuma jami'o'i. Mai gyaran da ya iya saka Linux, ya iya kwashe takardun mutum ba tare da ya ɓatar da su ba, ya kuma iya koya masa amfani da ita cikin awa guda, ya samu sana'ar da za a daɗe ana nema. Sassan ilimin kwamfuta na jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani na iya ware rana guda a kowane zango, ɗalibai su kawo na'urorinsu a saka musu manhaja kyauta. Abin da aikin ke buƙata bai wuce ɗaki, wutar lantarki da ƴan filash ba.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma. Ofisoshin magadan gari, asibitoci da makarantu na riƙe da takardun haihuwa, bayanan marasa lafiya da sakamakon jarrabawa. Ya kamata kowace ma'aikata ta ƙirga kwamfutocinta, ta san nawa ne ke kan Windows 10 ko ma Windows 7 da aka daina kulawa da ita tun watan Janairun 2020, ta kuma tsara abin da za ta yi da su. A bakin iyaka kuma, jami'an duwan na buƙatar ƙa'ida bayyananniya da za ta raba kwamfutar gwanjo mai aiki da matacciyar da aka lulluɓe da sunan gwanjo. Dokar tana nan: yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba cikin Afirka, kuma tun 1 ga Janairun 2025 yarjejeniyar Basel ta wajabta neman izinin ƙasa kafin a kai mata kowace irin sharar kayan lantarki, gyaran da Gana da Suwizalan suka gabatar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna duniya ta tara tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, kashi 22 cikin ɗari kawai aka sarrafa yadda ya kamata, a Afirka kuwa ko kashi 1 bai cika ba. Unguwar Agbogbloshie ta birnin Akara, inda matasa, yawancinsu ƴan ci-rani daga arewacin Gana, suka yi shekaru suna ƙona wayoyi don ciro tagulla suna shaƙar hayaƙin dalma, ta isa darasi ga duk ƙasar da ta bar ƙofarta a buɗe.

Ƙarin wa'adin ɗaiɗaikun mutane na ɗan lokaci ne kawai, kuma kwantenonin ba za su daina zuwa ba. Nijar na buƙatar kwamfutoci masu araha, babu mai musun wannan. Abin da ya rage shi ne mai saye ya san abin da yake saye, mai gyara ya iya raya abin da ya shigo, hukuma kuma ta tare abin da ba ya rayuwa tun a bakin iyaka.