Nasiha Game da 'Yan Mata da Wasan Ƙwallon Raga

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da alarammomi da fatake na Dutsi da ƙasar Daura, yau maganarmu a kan wasan ƙwallon raga na mata ce, da ƙungiyar da ke buga shi da sunan Nijeriya. Watakila wani ya ce, me ya haɗa shafin malamai da wasa? Abin da ya haɗa su shi ne 'ya'yanmu mata suna makarantun boko, a can kuwa ana koyar da wasanni, ko mun yi magana ko mun yi shiru.

Ga siffar wasan domin wanda bai taɓa gani ba. Fili ne mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, a ɗaura raga a tsakiya, mutum shida nan, shida can. Da hannu ake bugun ƙwallon, kowane gefe ba ya wuce taɓawa uku kafin ya tsallakar da shi. Babu kokawa, babu ture-ture, gama raga ta raba tsakanin abokan karawa. Wani Ba'amurke mai suna William Morgan ya ƙago shi a shekarar 1895. Aka shigar da shi wasannin Olamfik a 1964 a birnin Tokiyo, inda matan Japan suka ci zinariya, mafi yawansu kuwa ma'aikatan wata masaƙa ce guda.

To, ina Nijeriya a cikin wannan sha'ani? Matanmu sun je gasar duniya a ƙasar Peru a 1982, amma ba su yi nisa ba. A 2001 aka yi gasar Afirka a Fatakwal, sai 'yan Seshel, waɗansu tsibirai da mutanensu ba su kai dubu ɗari ba a lokacin, suka ɗauke kofi a cikin gidanmu, muka zo na biyu. A 2003 Allah ya ba mu zinariya a wasannin Afirka da aka yi a Abuja. A 2005, a Abujar dai, Kenya ta ɗauki kofin Afirka, muka sake zuwa na biyu. Har zuwa 2023 Kenya ta ci wannan kofi sau 10, Kamaru maƙwabciyarmu ta ci sau uku a jere, a 2017 da 2019 da 2021, mu kuwa ko sau ɗaya ba mu ɗauke shi ba.

Mai hankali ya duba ya gani, yawan jama'a ba shi ne ƙarfi ba. 'Yan Kenya tun daga makaranta suke renon yaransu, kana su wuce ƙungiyoyin ma'aikata irin ta gandirobobi, ana horonsu shekara da shekaru. Mu malaman allo mun fi kowa sanin wannan. Ba a yin gardi da karatun dare ɗaya, kuma wanda ya bar tilawa, hadda za ta bar shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mu zo ga abin da ya fi damunmu, watau hukunci da sutura. Motsa jiki a kan kansa ba haramun ba ne ga mace. Ya tabbata a cikin Sunan na Abu Dawuda cewa Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, har sau biyu. Abin da shari'a ta hana shi ne bayyana al'aura, da cuɗanya da maza, da tozarta lokacin salla, da caca. Lalle tufafin da mafi yawan ƙungiyoyin duniya ke sawa ba su dace da 'yar Musulmi ba, wannan ba mu ɓoye shi, ba mu kuma sassauta shi domin kofi.

Amma a sani, dokar tufafi ba wahayi ba ce, mutane suka rubuta ta, suna kuma sake ta. A 2012 hukumar wasan ta duniya ta yarda masu buga irin wanda ake yi a kan rairayi su sa riga mai dogon hannu. A 2016, a Olamfik na birnin Riyo a Barazil, wata Bamisriya mai suna Du'a Algubashi ta buga da lulluɓi a kanta da dogon wando. Ba mu ce abin da ta yi ya cika sharuɗɗanmu duka ba, tun da a gaban maza aka yi. Abin lura dai shi ne, waɗanda suka je suka faɗi sharaɗinsu an saurare su. Wanda ya ƙi zuwa wurin shawara kuwa, da abin da aka yanke zai kwana.

Saboda haka ga shawararmu. Malamai su zauna da shugabannin makarantun 'yan mata na ƙasar Daura su shimfiɗa sharuɗɗa a fili: a yi wasan cikin katanga, mata su koyar da mata, tufafi su zama masu yalwa da kauri, a tsaya in lokacin salla ya yi, kada kuma ya ci lokacin Islamiyya. Fatake masu zuwa Kantin Kwari a Kano su kawo yadin da ya dace, teloli na gida su ɗinka. Raga da ƙwallo ba su fi ƙarfin attajiri guda ba, in ya yi niyyar alheri. In wata yarinya ta yi fice har aka neme ta gaba, maganar tana hannun waliyyinta, sharaɗinta kuma ya bi ta duk inda ta je. In an ƙi sharaɗin, ta dawo gida da mutuncinta, ba ta yi hasarar kome ba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ta shirya 'Yan Taru, mata suna koyar da mata har cikin ƙauyuka. Ba su bar sha'anin mata ga wasu ba, sun tsara shi bisa shari'a da hannunsu. Lafiyar 'ya'yanmu amana ce, kunyarsu ma amana ce, za a kuma tambaye mu dukansu biyu ranar gobe.

Allah shi shirya mana zuriya, shi ba shugabanninmu ikon yin daidai. Haza wassalamu.