Gwanjon Tattabaru a Waya Yana Ƙarar da Aljihun Samari

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in koka kan gwanjon tattabaru da ake yi a WhatsApp.

Kiwon tattabara tsohuwar sha'awa ce a nan Tudun Wada, ni ma da ita na tashi. A da sai ka riƙe tsuntsu a hannu, ka buɗe fiffike, ka duba ido da ƙafa, sannan ka taya. Yanzu hoto kawai ake sakawa, kowa yana ƙari don kada a ce ya gaza. Ƙanena, ɗan koyon ɗinki, ya zuba naira 45,000 kan aure guda, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Da suka iso, macen ma ba ta da lafiya. Ina zargin wasu masu ƙarin 'yan koren mai kaya ne.

Samari, ku fara zagawa kasuwar Sabon Gari ku ji farashi, ko ku sayi 'yan shila ku raina, sun fi araha. Malam Edita, a taimaka a turo wakili ya bincika.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya