Mai Riƙe da Hanya Shi Ke Yanka Kuɗin Wuta

Ya ku malamai da attajirai, ku sani wutar lantarki haja ce, ana cinikinta kullum kamar hatsi. Sai dai tana da wata ɗabi'a: ba ta san alkawarin mai saye da mai sayarwa ba. Kamar ruwa take, inda ta sami sauƙi nan take bi, ko da ba ta nan aka aike ta ba.

Ku dubi ƙasar Jamus. A arewacinta iska ke juya injuna, wuta tana araha. Manyan ma'aikatu kuwa suna kudu, ga wayoyin tsakani sun yi kaɗan. Aka riƙa sayar wa kudu har da Ostiriya bisa kuɗi ɗaya. Sai wutar ta riƙa ratsewa ta wayoyin maƙwabta, watau Folan da Cek, tana cika su, alhali ba da su aka yi cinikin ba. Nasu fataucin ya rasa hanya.

Saboda haka suka kafa wata irin taransifoma kusa da iyaka, Folan a Mikulowa cikin 2016, Cek a Hradec cikin 2017. Ita ba ta haifar da wuta, karkata ta kaɗai take yi, yadda mai lambu kan toshe wannan hanyar ruwa ya buɗe waccan. Kaya ya koma kan mai shi. In wayoyin Jamus sun cika, tilas a dakatar da injunan arewa masu araha, a tashi na kudu masu tsada, a ɗora kuɗin bisa masu shan wuta. Cikin Oktoba 2018 aka raba kasuwar Jamus da ta Ostiriya, kowa da kuɗinsa.

Abin lura shi ne, wanda ya riƙe mabuɗin wannan na'ura ya riƙe mudu. Murɗawa ɗaya ta isa ta sauƙaƙa wa wani gari, ta tsananta wa wani. Don haka muke cewa kada a danƙa shi ga mai sayar da wuta, sai ga amintacce wanda ba shi da rumfa a kasuwar, kuma a bayyana lissafinsa a fili. Wayoyinmu sun riga sun haɗa Nijeriya da Nijar da Benin. A daidaita wannan sharaɗi tun ciniki bai yi nisa ba.