Martani Ga Masu Yi Wa Suwidin Ƙazafi da Alƙaluman 'Yan Sanda

Tun watan Fabrairun 2017, da ɗan siyasar Birtaniya Nigel Farage ya laƙaba wa birnin Malmo na Suwidin sunan cibiyar fyaɗe ta Turai, maganar ta ƙi mutuwa. Har gobe ana ɗauko jadawalin da ya jera ƙasashe bisa yawan laifuka, a nuna Suwidin can sama, a ce ga hujja. Ba ni da dangin iya ko na baba a ƙasar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ana tozarta ƙasa don ta ƙirga ɓarnar cikinta tsakani da Allah, ana kuma yabon waɗanda suka yi gum.

Zarginsu na farko shi ne alƙaluma ba sa ƙarya, kuma Suwidin ce a gaba. To, da wane mudu aka auna? Wanda ya auna gero da gwangwani zai kira adadi mai yawa fiye da wanda ya auna da tiya, alhali buhun ɗaya ne. 'Yan sandan Suwidin suna shigar da ƙara cikin ƙididdiga tun ranar da aka kawo ta, kafin a yi bincike. A Jamus kuwa sai 'yan sanda sun gama nasu aikin, za su miƙa wa mai gabatar da ƙara, sannan ta shiga lissafi. Idan mace ta ce mijinta ya yi ta tilasta mata tsawon shekara, Suwidin kan rubuta kowane karo da aka iya tantancewa a matsayin laifi mai zaman kansa. Wata ƙasar sau ɗaya za ta rubuta. Wata kuma ba za ta rubuta komai ba, domin dokarta ba ta san da wannan laifin ba, alhali Suwidin ta haramta shi tun 1965. A 2020 hukumar nazarin laifuka ta ƙasar, wadda ake kira Brå, ta sake lissafa alƙaluman fyaɗe na 2013 zuwa 2017 da doka da tsarin Jamus. Adadin ya faɗo daga kimanin 64 cikin kowane mutum 100,000 zuwa kimanin 15.

Na biyu, sun ce adadin ya yi ta hauhawa, don haka ƙasar lalacewa take yi. Ai dokar ce aka yi ta faɗaɗawa. A 2005 aka mayar da afka wa wadda ke barci ko ta bugu cikin ma'anar fyaɗe, aka ƙara buɗe ma'anar a 2013, sannan daga 1 ga Yulin 2018 rashin amincewa kaɗai ya isa, ko ba duka ba barazana. Abin da jiya ake rubuta shi da wani suna, yau ya koma wannan shafin.

Na uku, wai hukuma na rufa-rufa don kare baƙin haure. Wannan ba ya tsayuwa. Brå ɗin ce da kanta ta fitar da rahoto a 2021 da ya nuna waɗanda aka haifa a waje sun fi yawa cikin waɗanda ake zargi da laifi, gwargwadon yawansu a ƙasar. Ba a kuma ɓoye cewa an harbe mutum sama da 60 har lahira a 2022 ba, galibi a rikicin gungun 'yan daba. Suwidin tana da matsala, kuma da bakinta ta faɗa. Inda aka taɓa kama rauni a fili shi ne Ingila da Wales: a 2014 masu sa ido kan 'yan sanda suka gano kusan kashi ɗaya cikin biyar na laifukan da aka kai rahotonsu ba a rubuta su ba. A lura, ragewa aka yi.

Zargi na huɗu ne ya fi ƙona mini rai: wai ƙasashen da ke ƙasan jadawalin sun fi tarbiyya. Littafin 'yan sanda ba ya ɗauke da laifin da aka aikata, sai wanda aka kawo musu, suka kuma yarda suka rubuta. Mu nan mun san yadda ake yi. A yi wa yarinya aika-aika, dangi su taru su ce a rufa asiri kada ta rasa mijin aure, a kashe maganar a zaure, ita kuwa ta haɗiye baƙin cikinta. Ba za ta taɓa shiga jadawalin kowa ba. Shi ya sa masana suka koma bin mutane gida-gida suna tambayar abin da ya same su, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Da hukumar kare haƙƙoƙi ta Tarayyar Turai ta yi wa mata 42,000 tambayoyi iri ɗaya a ƙasashe 28, sakamakon da ta fitar a 2014 ya sa Suwidin cikin na sama-sama tare da Denmark da Finland da Holland, amma babu waccan tazara mai ninki-ninki da littafin 'yan sanda ke nunawa.

Idan an ƙure su sai su ce ashe duk kwatancen aikin banza ne. A'a. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsari ɗaya na rarraba laifuka domin ƙididdiga, ƙarƙashin kulawar ofishinta na yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, UNODC. Laifin da ya fi kwatantuwa shi ne kisan kai, domin gawa tana da wuyar ɓoyewa, kuma ana iya gwada lissafin 'yan sanda da na asibiti. Ofishin ya ƙiyasta cewa an kashe mutum kusan 458,000 a duniya a 2021, wato 5.8 cikin kowane 100,000. Amurka ta haura 6 a shekarar. Suwidin ta ɗan ɗara 1, kusan ninki biyu na maƙwabciyarta Norway.